Ɓuntun shinkafa da ƙwallon tsamiya za su iya cire fulorayid daga ruwan masana'anta?

Ɗan_Sharaɗa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wata ƙaramar masana'anta da ke wanke sandunan alminiyam kafin a yi musu fenti, kuma ruwan wankin yana da asid mai ɗauke da sinadarin fulorayid. Idan mun gama aiki mukan tara ruwan a wani kwatami na siminti, mu zuba masa farar ƙasa, mu bar shi ya kwana, da safe mu saki na sama ya bi magudana. Awon da nake yi yana nuna ruwan yakan shigo da kusan miligiram 300 a kowace lita, bayan farar ƙasa ya sauko wajen 20, daga nan kuma ya tsaya cak, ko da na ninka farar ƙasar. Maigidanmu ya ji ana cewa ɓuntun shinkafa, ɓawon gyaɗa, ƙwallon tsamiya da irin zogale duk suna kama wannan sinadari, sai ya ce me zai hana mu daina sayen farar ƙasa gaba ɗaya mu koma kayan gona, tun da ga su nan jibge a Kura da Dawanau. Ni dai zuciyata ba ta kwanta ba, amma ba ni da hujjar da zan kai masa. Muna fitar da kimanin lita 50,000 a rana. Waɗanda suka san harkar su taimaka mini da haske, Allah Ya saka da alheri.

Injiniyan_Ruwa:
Wa alaikumus salam ƙanena. Tsayawar da kake gani a wajen 20 ba laifin farar ƙasarku ba ne, haka tsarin yake. Kalsiyam ɗin da ke cikin farar ƙasa yana haɗuwa da fulorayid su zama farin gari su kwanta, amma shi kansa wannan garin yana narkewa kaɗan, kusan miligiram 16 a lita, wanda kusan rabinsa fulorayid ne. Ke nan ko a takarda da wuya ka sauka ƙasa da 8, a kwatami kuwa, inda ƙananan ƙwayoyin garin suke yawo ba su kwanta ba, 15 zuwa 20 abu ne da aka saba gani. Naku ma yana da ƙarin matsala, domin alminiyam ɗin da ya narke a ruwan wanki yana riƙe wani kaso na fulorayid ya hana shi zuwa wurin kalsiyam.

Yanzu ga lissafin da za ka kai wa maigida. Lita 50,000 mai miligiram 300 tana ɗauke da kilo 15 na fulorayid kowace rana. Ɗanyen kayan gona da ba a yi masa wani gyara ba, idan giram ɗaya ya kama miligiram ɗaya an gode. A kan wannan ƙiyasi kuna buƙatar tan 15 na ɓuntu a kullum, kuma da yamma kuna da tan 15 na jiƙaƙƙen ɓuntu mai guba da za ku nemi inda za ku kai shi. Amma idan kun bar farar ƙasa ta yi aikinta, abin da ya rage a cire, idan ana so a sauko daga 20 zuwa 2, giram 900 ne kacal a rana. A nan ne maganar kayan gona take da muhalli.

Manomin_Kura:
Ina so in gyara wani abu a maganar maigidan naku. Ɓuntu ya daina zama kayan banza. A da masu injin casa roƙon mutane suke yi a zo a kwashe, wani lokaci su cinna masa wuta ya yi kwanaki yana hayaƙi. Yanzu manyan kamfanonin shinkafa da shi suke hura tukunyar turara shinkafarsu, masu kaji suna saya su shimfiɗa, wasu kuma su niƙa shi su cuɗa da dusa. Ɓawon gyaɗa ma haka, masu kiwo ba sa barin sa. Duk wanda zai yi lissafi ya sa kuɗin buhu da kuɗin mota da na 'yan dako, kuma ya tuna cewa da damina farashin ba ɗaya yake da na kaka ba.

Malama_Kimiyya:
Injiniya ya kawo lissafi, ni kuma bari in kawo dalilin da ya sa adadin ya yi ƙanƙanta haka, domin idan ba a gane shi ba za a yi ta gwada ganye bayan ganye ana ɓata lokaci. Sinadaran da ke narke a ruwa suna ɗauke da cajin lantarki iri biyu, na ƙari da na ragi, kuma iri ɗaya ba sa jituwa, ture juna suke yi. Dalma da kadmiyam da tagulla cajinsu na ƙari ne. Fulorayid nasa na ragi ne. Shi kuwa fatar ɓawo ko ɓuntu ko gawayin itace, idan yana cikin ruwan da ba mai tsami ba, yawancin saman nasa cajin ragi yake ɗauka. Shi ya sa za ka ga ɓawon gyaɗa ya yi rawar gani wajen kama dalma, amma aka kawo shi gaban fulorayid sai ya yi sanyi. Mutane da yawa suna jin an ce "yana tace ruwa" sai su ɗauka kowane datti ɗaya ne.

Akwai hanyoyi biyu da ake bi a juya lamarin. Ta farko ita ce a ƙara wa ruwan ɗan tsami, pH, wato ma'aunin tsami ko kaifin kanwa na ruwa, ya sauko, saman ɓawon ya ɗauki cajin ƙari. Sai dai wannan hanya tana da iyaka, domin idan aka sauka kusa da 3, fulorayid ɗin yakan koma asid ɗinsa na asali wanda ba shi da caji, babu abin da zai manne da shi, kuma shi ne mai ƙona fata. Ta biyu, wadda ta fi ƙarfi, ita ce a jiƙa ɓawon ko gawayinsa a ruwan gishirin wani ƙarfe da fulorayid yake ƙauna, kamar alminiyam ko baƙin ƙarfe ko zakoniyam ko lantanam, a busar. A nan ƙarfen ne yake kamun, shi ɓawon matsayinsa na gado ne da aka shimfiɗa ƙarfen a kai domin ya sami faɗin haɗuwa da ruwa. Duk lokacin da kuka ga an ce wani kayan gona ya kama miligiram 10 ko 20 a giram, ku duba da kyau, galibi za ku tarar an ɗora masa ƙarfe.

Abu na ƙarshe ga Ɗan_Sharaɗa: ruwan da ya fito daga kwatamin farar ƙasa yana da kaifin kanwa sosai, pH ɗinsa yakan haura 10. Idan ka tura shi kai tsaye kan kowane irin abin kamu, aikin banza ka yi. Sai ka fara sauko da shi wajen 5 zuwa 6.

Uwar_Biyu:
Malama, Allah Ya ƙara basira, amma ina da ja a kan zogale. Na tashi na ga kakata tana daka irin zogale ta ƙulla a ƙyalle ta kaɗa cikin randar ruwan tafki, kafin a yi sallar la'asar ruwan da yake ja kamar kunun kanwa ya koma garau, lakar ta kwanta a gindi. Da idona na gani ba labari ba. Ta yaya abin da ya iya wannan zai kasa wani sinadari da ko ganinsa ba a yi?

Malama_Kimiyya:
Hajiya Uwar_Biyu, abin da kika gani gaskiya ne, kuma ba a ƙasar Hausa kaɗai ba, matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna kwantar da ruwan kogin Nilu da irin zogale. A cikin irin akwai wani furotin mai cajin ƙari da ke janyo ƙwayoyin laka su dunƙule su nutse. To amma laka tana yawo ne a cikin ruwa, ba ta narke ba. Fulorayid kuwa narkewa yake yi kamar gishiri, ba shi da launi, ba wari, ba ɗanɗano. Ruwa zai iya zama garau kamar hawaye alhali yana cike da shi. Tun da furotin ɗin na ƙari ne, yakan ɗan rage wani abu, ban ce ba ya yin komai ba. Amma yana barin mai da sauran kayan tsiro a ruwan, idan ya kwana biyu sai ya fara wari, ga irin zogale da tsada, ba abin da za a zuba wa lita dubu hamsin kullum ba ne.

Bagobirin_Maraɗi:
Maganar Malama cewa ruwa yana iya zama garau alhali cuta na cikinsa ta taɓa mini zuciya, domin mu a jihar Maraɗi mun ga haka da idonmu a Tibirin Gobir. Wajen tsakiyar shekarun 1980 aka haɗa wa garin ruwan famfo daga rijiya mai zurfi, mutane suka yi murna sun huta da ruwan rijiyoyin gargajiya. Ruwa ne mai kyan gani. Aka yi shekaru fiye da 10 ana sha kafin a tabbatar cewa fulorayid ɗin da ke cikinsa ya ninka abin da aka yarda da shi sau uku ko fiye. Yaran da aka haifa a wannan tsakani su abin ya fi shafa: haƙora suka rine, ƙafafu suka lanƙwashe, wasu gwiwoyi suna gugar juna, wasu kamar baka, ɗaruruwa suka nakasa. Yanzu sun zama manya, suna nan ana ganin su. Na san namu daga ƙasa ya fito ba daga masana'anta ba, amma jikin yaro ba ya tambayar inda sinadarin ya fito. Ɗan'uwa Ɗan_Sharaɗa, wannan ruwa mai 20 da kuke saki kowace safiya, ina yake zuwa, kuma su wa suke da rijiya a kan hanyarsa?

Likitan_Haƙori:
Allah Ya ba su lafiya, Ya kiyaye na gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa miligiram 1.5 a lita a matsayin iyakar ruwan sha, kuma ƙa'idar ruwan sha ta Nijeriya ma a nan ta tsaya. Ɗan kaɗan yana da amfani, shi ya sa ake sa shi a man goge baki domin yana hana haƙori ruɓewa, amma man goge baki tofarwa ake yi, ruwa kuwa haɗiyewa ake yi shekara da shekaru. Lahanin haƙori yana faruwa ne tun haƙoran suna cikin dasashi, daga haihuwa zuwa wajen shekara 8, kuma idan ya faru ba ya goguwa da asuwaki ko gawayi. A Nijeriya an san yankin Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe da wannan matsala, a Gana akwai gundumar Bongo. Sau da yawa iyaye kan kawo mini yaro suna yi masa faɗan ƙazanta, alhali ruwan garinsu ne. Kuma ina roƙon a daina cewa a tafasa ruwan: tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma tururi ne yake tashi, fulorayid yana nan, sai ma ya ƙara kauri.

Mai_Lura_Da_Challawa:
Ni a ganina masu jima na zamani su ne tushen wannan bala'i a Kano. Duk wanda ya bi ta Challawa ko ya ga ruwan da ke fitowa daga Bompai yana shiga Jakara, ya ga yadda ake ban ruwan latas da kabeji da shi, ya san akwai abin tsoro. Su ya kamata a fara tilasta wa amfani da ɓuntun nan.

Injiniyan_Ruwa:
Malam Mai_Lura, damuwarka a kan hanya take, amma an haɗa abu biyu. Ruwan majema matsalarsa kuromiyam ce da salfaid da gishiri da ruɓaɓɓen nama, ba a san shi da fulorayid ba. Masu fitar da fulorayid su ne masu sarrafa dutsen fosfet su yi taki, domin dutsen kansa yana ɗauke da kashi 3 zuwa 4 cikin 100 na fulorin (sinadarin da fulorayid yake samuwa daga gare shi), da masu narka alminiyam, da masu zane a jikin gilashi, da masu wanke ƙarfen da ba ya tsatsa, da masu ƙera faifan sola da ƙananan kayan cikin kwamfuta. Bambancewar tana da amfani, domin maganin wannan ba shi ne maganin wancan ba.

Ɗalibar_Digiri_Na_Biyu:
Ina neman izinin malamaina in ba da labarin abin da ya same ni, ko zai hana wani faɗawa ramin da na faɗa. Aikina a kan gawayin ɓawon gyaɗa ne. Na ƙona shi a rufaffiyar tukunya, na daka, na tankaɗe, na jiƙa shi a ruwan alif, wato alam ɗin da ake sa wa ruwa ya kwanta, na busar. Na haɗa ruwan gwaji da kaina: tataccen ruwa na zuba masa gishirin fulorayid. Sakamakon farko ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 ya tafi. Ranar har na kira gida na ce a taya ni murna.

Da na nuna wa wani dattijon ma'aikacin ɗakin gwaji, bai ce komai ba, sai ya tambaye ni ko na zuba ruwan nan da ake haɗawa da samfur kafin a tsoma na'urar awo, wanda ake kira TISAB. Na ce ya ƙare, na auna haka nan. Ya ɗauko nasa ya zuba, muka sake aunawa, sai adadin ya tashi ya kusa rabin inda aka faro. Ashe alminiyam ɗin da na ɗora wa gawayin ya saki ya shiga ruwa, ya rungume fulorayid ɗin, na'urar ta daina ganinsa. Bai je ko'ina ba, ɓuya ya yi, kuma na ƙara wa ruwan alminiyam a kan abin da yake da shi. Sai da na koma na daidaita pH lokacin ɗora alif ɗin domin ya zauna daram a jikin gawayi, na wanke shi sau da yawa, sannan na sami sakamakon da zan iya tsayawa a kansa. Da na gwada da ainihin ruwan masana'anta kuma ya sake raguwa, domin akwai fosfet da bakabonet da salfet a ciki, duk suna rububin gurbin da fulorayid zai zauna. Yaya Ɗan_Sharaɗa, tun da ruwanku yana da alminiyam tun asali, ka tabbatar 20 ɗin nan taka 20 ce da gaske. Kuma samfur a robar leda mai kauri ake ɗebo shi, ba a kwalba ba.

Ɗan_Sharaɗa:
Ƙanwata, kin sa gabana ya faɗi. Ni da ruwan launi nake aunawa, wanda ja yake dusashewa gwargwadon yawan sinadarin, kuma na san littafin na'urar ya ce alminiyam yana rage adadin da za a gani. Ban taɓa ɗaukar abin da muhimmanci ba. Zan kai samfur wani wuri a auna da ɗaya hanyar. Ga tambayar Bagobirin_Maraɗi kuma, magudanar tamu tana haɗuwa da ta maƙwabta ta fita bayan unguwa, kuma gaskiya akwai masu lambu a ƙasa. Ba zan ɓoye ba, tambayar ta hana ni barci jiya.

Tsohon_Ma'aikacin_Taki:
'Ya'yana, na yi shekaru a masana'antar takin fosfet kafin in yi ritaya, kuma abin da nake so in ja kunnenku a kai shi ne ɗanyen ruwan kafin a kashe masa kaifi. Asid ɗin fulorin ba kamar ruwan batir ba ne da zai taɓa ka ka yi ihu nan take. Idan mai ruwa-ruwa ne yakan shiga fata shiru, sai bayan sa'o'i ciwo ya taso daga ciki, yana cin kalsiyam ɗin jiki, har ƙarƙashin farce yake bi. Duk inda ake aiki da shi ya kamata a ajiye man shafawa na kalsiyam gulukonet kusa da famfo. Don haka kada wani ya ɗauki buhun ɓuntu ya tsaya bakin kwatami yana juyawa da hannu.

Na biyu, tokar ɓuntu kusan dukkanta silika ce, wato dangin yashi da gilashi, kuma wannan asid ɗin gilashi yake ci. Idan ka zuba ta a ɗanyen ruwa mai tsami, fulorayid ɗin zai haɗu da silikar ya koma wani sinadari da ke narke a ruwa, ka ƙara wa kanka aiki. A wurinmu da irin wannan muka yi ta fama. Masu rufa wa ƙarfe wani ƙarfen kuma wasunsu suna da nau'in da ya haɗu da boron, shi wannan farar ƙasa ko kallonsa ba ta yi. Kowa ya san irin ruwansa kafin ya nemo magani.

Ɗan_Sarkin_Fawa:
Tun da an ce ganye da ɓawo ba su da ƙarfi, me ya sa ba a maganar ƙashi? Na ji cewa a Kenya da gawayin ƙashin shanu suke tace ruwan sha, mu kuma ga ƙashi nan tuli a kwata.

Injiniyan_Ruwa:
Ka ji daidai. A Nakuru cocin Katolika ta daɗe tana ƙona ƙashi tana yin matatun ruwa, a Tanzaniya ma akwai cibiyar bincike a Ngurdoto kusa da Arusha da ta yi aiki a kai, haka Habasha. Ƙashi yana kama fulorayid ne saboda dalilin da ya sa yake lahanta ƙashin mutum: ma'adinin da ke cikinsa yana musayar wani ɓangarensa da fulorayid. Sirrin yana wurin ƙunar. Idan wuta ta yi kaɗan ruwan zai yi wari da launi, idan ta yi yawa ƙashin ya koma fari fat ƙarfinsa ya ragu. Ya fi ɗanyen kayan gona nesa ba kusa ba. A Indiya mutane da yawa ba su karɓe shi ba saboda matsayin saniya a addininsu, can aka fi sanin hanyar Nalgonda, wadda alif da farar ƙasa ne kawai.

Malam_Na_Zaure:
A wurinmu ƙashin dabbar da aka yanka ta halal babu abin cewa a kansa, balle ma ruwan da za a zubar ne ba na sha ko alwala ba. Abin lura kawai shi ne a san daga inda aka kwaso ƙashin idan na ruwan sha ne. Amma mu koma kan tambayar bawan Allah, shi kayan gona ya tambaya.

Dakta_Mai_Bincike:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma ina ganin an ɗan matsa wa kayan gona fiye da kima. Malama_Kimiyya ta ce ɓawo gado ne kawai, ƙarfe ne mai aiki. Haka ne, amma gadon ma ba ƙaramin abu ba ne. Garin ƙarfen da ke kama fulorayid idan ka zuba shi shi kaɗai a bututu, toshewa yake yi, ruwa ba ya wucewa, kuma tace shi daga ruwa wahala ce. Idan ka shimfiɗa shi a jikin gawayi mai ƙofofi, kaɗan daga cikinsa zai yi aikin mai yawa. A Jami'ar Saga ta Japan an yi aiki mai kyau da tuƙar lemon da kamfanonin matsar lemo ke zubarwa: sinadarin pektin da ke cikinta yana riƙe ƙarfe irin zakoniyam gam, shi kuma ƙarfen ya kama fulorayid, idan ya cika a wanke da ruwan soda a sake amfani da shi. Wannan ba wasan yara ba ne. Matsalarmu ita ce zakoniyam da lantanam daga waje ake sayo su da dala, don haka abin da ya dace da mu shi ne alif da gishirin baƙin ƙarfe, waɗanda ake samu a kasuwa.

Kuma ba kowane kayan gona ne ya dace da bututu ba. Garin ganyen darbejiya ko ɓawon ayaba yana kumbura, ya ruɓe, ya rina ruwa. Abin da ake so shi ne mai tauri da zai ba da gawayi mai tsakuwa-tsakuwa: ƙoƙon kwakwa, ƙwallon goruba, ƙwallon aduwa, ƙwallon dabino, totuwar masara. Ni da ɗalibai za su ji shawarata, da sun bar maimaita gwajin kofi da cokali sun koma gwajin bututu da ruwan masana'anta na gaske, domin adadin da ake bugawa a takardu yawanci an same shi ne a ruwa mai kaurin sinadari, a ruwa mai 20 da ake so a kai 2 ba za ka sami ko kusa da shi ba. Idan aka sami gawayin da zai riƙe miligiram 5 a giram a cikin bututu, giram 900 ɗin Injiniya kilo 180 ke nan a rana, idan kuma ana wankewa a maimaita, abin ya zama mai yiwuwa.

Malama_Kimiyya:
Dakta, ban musa ba, sai dai ina so a yi adalci wajen suna. Idan an ƙona abu da gas, an jiƙa shi da asid, an ɗora masa ƙarfe, an wanke da ruwa mai yawa, bai kamata a tallata wa mai masana'anta shi da sunan "kayan gona na kyauta" ba. A kwatanta kuɗinsa da na alumina da ake sayarwa don wannan aiki, wadda aka daɗe da sanin halinta, sannan a yanke hukunci. Wataƙila namu ya yi nasara saboda canjin kuɗi, wataƙila kuma a tarar ƙara gishirin kalsiyam kulorayid da ɗan alif a kwatami na biyu ya sauko da ruwan fiye da yadda ake zato ba tare da an gina komai ba.

Manomin_Kura:
Ni tambayata ɗaya ce, kuma har yanzu ba wanda ya taɓo ta sosai. Idan gawayin ya ƙoshi, ina za a kai shi? Ina tambaya ne domin na san halinmu. Ranar da aka jibge baƙin gari a bayan katanga, washegari wani zai zo da amalanke ya ce taki ne ya kai gona, wata kuma ta kwasa ta hura wuta da shi.

Injiniyan_Ruwa:
Alhaji, tambayarka ita ce mai wuyar. Gona dai a'a, domin ruwan sama zai sake wanko shi, dabbobin da ke kiwo a wurin kuma su ma suna kamuwa, haƙoransu su lalace, su riƙa ɗingishi, an sha ganin haka a kewayen masana'antun narka alminiyam a ƙasashe da dama. Ƙonawa ma a'a, domin zafi mai tsanani yana tayar da fulorin ya bi hayaƙi, shi ya sa ban yarda da masu cewa a cuɗa shi a jan bulo a gasa ba. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne a wanke shi da ruwan soda, ruwan wankin ya fito kaɗan amma mai kauri, a mayar da shi kwatamin farar ƙasa ya kwanta tare da sauran. Ka ga ke nan farar ƙasar da maigida yake so ya rabu da ita, ita ce dai makoma. Lakar da ta kwanta kuma a busar da ita, a daskarar da siminti ko a binne a ramin da aka yi wa shimfiɗa, nesa da rijiya. Ban san ko Ɗan_Sharaɗa zai gaya mana inda suke kai tasu lakar yanzu ba.

Zangon_Kumasi:
Ina bin muhawarar daga Gana. Wace iyaka ce ma ake so ruwan masana'anta ya kai kafin a sake shi? Na ga ana ta ambaton 2, ga kuma 1.5.

Dakta_Mai_Bincike:
Ta 1.5 ta ruwan sha ce. Ta ruwan da ake zubarwa kowace ƙasa da tata: Japan ta sa 8 ga wanda zai shiga kogi ko tafki, Sin ta sa 10 a babban matakinta, Indiya kuma 2 ga ruwan da zai shiga kogunan cikin ƙasa. A Nijeriya hukumar kula da bin ƙa'idojin muhalli ta ƙasa, NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ke da ƙa'idojin kowane rukunin masana'antu, sai mutum ya nemi na rukuninsa. Amma ni ina ganin inda magudana take ƙarewa a lambu, kuma da rani babu wani ruwan kogi da zai surka ta, bai kamata a tsaya a kan adadi mafi sassauci ba.

Ɗan_Sharaɗa:
Na dawo da labari. An sake auna samfurin da ɗaya hanyar, ya fito 27 ba 20 ba, Ɗalibar_Digiri_Na_Biyu ta yi gaskiya. Na kai wa maigida lissafin tan 15, ya yi dariya ya ce to a bar farar ƙasa a inda take. Ya yarda mu gwada kalsiyam kulorayid da alif a durom ɗaya tukuna, kuma ya ba ni izinin haɗa bututun roba guda biyu masu tsawon mita ɗaya, ɗaya da gawayin ƙwallon goruba mai alif, ɗaya da gawayin ƙashi, in riƙa ɗiban abin da ke ɗigowa kowace awa biyu har in ga lokacin da kowanne zai ƙoshi. Maganar laka kuwa, Injiniya, a bayan masana'anta muke tara ta a fili, kuma ban taɓa auna abin da ke fita daga cikinta da damina ba. Baba Tsohon_Ma'aikacin_Taki, na tambayi man kalsiyam ɗin a shagunan magani uku ban samu ba, ko ka san irin wuraren da ake samunsa?

Ɗalibar_Digiri_Na_Biyu:
Yaya, ka ƙara bututu na uku da gawayin goruba wanda ba a sa masa alif ba, domin ka san nawa ne aikin gorubar nawa ne na alif ɗin. Kuma ka riƙa auna alminiyam a ruwan da ke fitowa, ba fulorayid kaɗai ba. Wane girman tsakuwa za ka tankaɗe gawayin?